Gobarar Daji A Yankin Mandouri: Daga Ina Hayaƙin Da Muke Ɗauka Hoto Yake, Kuma Alhakinsa A Kan Wa?



'Yan uwa masu bibiyarmu, duk shekara da zarar ruwan sama ya ɗauke, aka shiga kaka, iskar hunturu ta fara kaɗawa, akwai wani abu da mu mutanen arewacin Togo muka saba gani. Wanda ya taso daga Sokodé ya bi babbar hanya ta Kara da Mango zuwa Dapaong, sannan ya karkata gabas ta Borgou zuwa Mandouri, da wuya ya yi tafiyar awa guda bai hango hayaƙi yana tashi daga daji ba. Da yamma rana takan koma ja kamar garwashi. Da dare a hango jan ziri a bakin daji yana tafiya. Da safe a tarar da baƙar toka a kan tabarma da murfin randa da kayan da aka shanya.

Yanzu da yake waya mai kyamara ta shiga hannun kowa, wannan yanayi ya zama abin ɗauka. Matasanmu kan tsaya su ɗauki jan sama su tura WhatsApp da Facebook, wani ya rubuta tasbihi a ƙasan hoton, wani ya tambaya ko lafiya. Babu laifi mutum ya yi mamakin halittar Ubangijinsa. Sai dai wannan jan da ke burge ido ciyawa ce da itatuwa, wani lokaci har da hatsin wani bawan Allah, suka koma hayaƙi, kuma ƙirazanmu ne suke shaƙarsa. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayani a kan inda wutar take fitowa, da lokacin da take amfani da lokacin da take ɓarna, da abin da hayaƙinta yake yi wa jiki, da kuma haƙƙin da ke wuyan wanda ya kunna ta da wanda ya ɗauki hotonta.

Me ya sa yankinmu yake saurin kamawa?

Mandouri ita ce hedikwatar gundumar Kpendjal a yankin Savanes, kusa da iyakar Benin da ta Burkina Faso. Garin yana cikin kwarin kogin Oti, wanda a ƙasar Benin ake kira Pendjari. Damina ɗaya muke da ita a shekara, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. A ƙarshenta kogi kan cika ya malale fadamu, idan ruwa ya janye ya bar ciyawa mai kauri, gamba da makamantanta, wadda a wasu wurare takan fi tsayin mutum. Albarkar wannan fadama da dajin da ke kewaye da ita ce ta sa a shekarar 2011 hukumar UNESCO ta sanya Oti-Kéran da Oti-Mandouri cikin jerin wuraren da ake kare halittunsu a duniya.

Wannan ciyawa da ke ciyar da shanu, a yi zana da jinka da ita, ita ce kuma abincin wuta. Wuta ba ta ci sai abu uku sun haɗu, wato abin ƙonawa da zafi da iska. Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu yakan busowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, a bushe ƙamas. Kamar yadda yake tsage mana leɓe da dunduniya, haka yake tsotse ɗanyancin ciyawa. Ciyawa siririya ce, ba ta riƙe ruwa kamar gungumen itace, don haka raɓar da ta kwana a kanta kafin hantsi ta tafi. Daga nan tartsatsi ɗaya ya isa.

Idan wuta ta kama, iska ce take kora ta. Takan kwantar da harshen wutar a kan ciyawar da ke gaba, ta gasa ta tun kafin wutar ta iso, ta kuma ɗauki ɓurɓushin wuta ta tsallake hanya ko rafi da shi. A wuri mai tudu, kamar duwatsun Alédjo da dajin Fazao-Malfakassa da ke kusa da Sokodé, hawa yana ƙara mata gudu. Masana gobara a Ostireliya sun ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 na gangare yana ninka saurin wutar da ke hawa.

Lamarin bai tsaya a Togo ba. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na filin da wuta ke ci a duniya kowace shekara a nahiyar Afirka yake, kuma mafi yawansa a irin wannan daji namu mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi.

Wa yake kunna ta?

A wasu ƙasashe, kamar Kanada, tsawa kan tayar da gobarar daji. Mu a nan lokacin wuta rani ne, babu hadari babu tsawa. Kusan duk wutar da muke gani hannun mutum ne ya kunna ta.

Akwai mafarauta da yara masu cinna wa ciyawa wuta don su koro gafiya da gyazbi da zomo. Akwai mai cin zuma da ya hau itace da bakin wuta, ya gama ya yar da shi. Akwai mai gawayi da ramin ƙunarsa ya ɓule da dare. Akwai manomin da ke share sabuwar gona ko ƙona karmami, da makiyayin da ke son tohon ciyawa ya fito wa dabbobinsa, da matafiyin da ya jefar da guntun sigari ta tagar mota, da wanda ya gasa doya ko gyaɗa a gona ya tafi bai binne garwashin ba. Akwai kuma, Allah Ya kyauta, mai kunna ta da gangan saboda gaba.

Mun jero waɗannan ne don kada a ɗora wa ɓangare ɗaya. Idan gona ta ƙone, bakin mutane yakan yi saurin zuwa kan makiyayi, idan makiyaya ta ƙone a ce manomi ne. A yankin da Gurmawa da Moba da Fulani da Hausawa da sauran ƙabilu suke cin kasuwa ɗaya, zargi ba tare da shaida ba wata gobara ce da ta fi ta daji wuyar kashewa.

Wutar wuri da wutar makara

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta shi ne cewa wutar daji ba iri ɗaya ba ce, kuma lokacin da aka kunna ta ne yake raba su.

Wutar wuri ita ce wadda ake sa wa a farkon rani, ciyawa ba ta gama bushewa ba, ƙasa da sauran sanyi. Ita ce a sanarwar rediyo ake kira da Faransanci feux précoces. Tafiyar hawainiya take yi, harshenta gajere ne, takan ci nan ta bar can, kuma sau da yawa raɓar dare take kashe ta. Amfaninta shi ne ta rage tulin ciyawa, ta yadda ko wata wuta ta taso daga baya ba za ta sami abin ci da yawa ba.

Wutar makara kuwa ita ce ta Janairu zuwa Maris, lokacin da komai ya bushe, iska na da ƙarfi. Wannan takan haura har kan itace, ta kashe ƙananan tsiro, ta cinye ganyen da ya rufe ƙasa. A daidai wannan lokaci ne kaɗanya da ɗorawa suke fure. Furen da wuta ta babbake ba zai zama ƙwara ko kalwa ba, wanda hakan ke nufin matan da suka dogara da man kaɗe da daddawa sun yi asarar shekara tun kafin damina ta faɗi. Wasu kan ce ai toka taki ce. Gaskiya ne toka tana ɗauke da wasu sinadarai masu amfani ga shuka, amma sinadarin naitirojin, wanda muke biyan kuɗi mu saya a buhun yuriya, mafi yawansa sama yake tashi tare da hayaƙi. Tokar da ta rage ma iska kan kwashe wata, ruwan farko ya wanke wata zuwa kwari.

An gwada wannan a aikace. A shekarar 1936 wani masanin daji Bafaranshe mai suna André Aubréville ya ware filaye uku a Kokondékro, kusa da Bouaké a ƙasar Kwaddibuwa. Ɗaya aka hana wuta shiga cikinsa kwata-kwata, ɗaya ana ƙona shi da wuri a Disamba, ɗaya kuma ana ƙona shi a makare a Maris. An ci gaba da haka shekaru gommai. Filin da aka kare ya koma kurmi. Wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe itatuwansa da dama. Wanda ake ƙonawa a makare kuwa itatuwansa suka yi ta raguwa, ciyawa ta mamaye. Ƙasa ɗaya ce, ruwan sama ɗaya ne, bambancin watanni uku ne kawai a kunna ashana.

Maƙwabtanmu na Ghana sun ɗanɗana abin da wutar makara take yi idan ta haɗu da fari. A 1983 gobarar daji ta cinye gonakin abinci da na koko masu yawa a ƙasar, a shekarar da aka koro 'yan Ghana kusan miliyan guda daga Najeriya suka dawo gida, aka shiga yunwar da dattawansu ba su manta ba har yau. A 1990 ƙasar ta kafa doka ta musamman kan hana gobarar daji. A nan Togo ma dokar gandun daji ta 2008 ta yi magana a kan wutar daji, kuma ma'aikatar kula da muhalli takan sanar da lokacin da aka yarda a yi wutar wuri. Ya kamata masu gari da limamai su riƙa neman wannan sanarwa daga ma'aikatan gandun daji suna isar da ita ga jama'a, domin wanda ya kunna bayan wa'adi ya saɓa doka. Kowace ranar 1 ga Yuni, tun daga 1977, ƙasar nan take bikin dashen itace. Itacen da aka dasa a Yuni, idan ba a share masa ciyawa a Nuwamba ba, wutar Fabrairu ce take gadonsa.

Dalilin da ya sa sama take ja

Hasken rana da muke gani fari, launuka ne da yawa a haɗe, su ne suke bayyana a bakan gizo. Idan hasken ya ratso iska mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin hayaƙi, sukan tare shuɗin su watsar da shi, su bar ja da ruwan lemo su wuce. Da safe da yamma rana tana ƙasa-ƙasa, haskenta yana yin doguwar tafiya cikin iska kafin ya iso idonmu, shi ya sa jan yake ƙaruwa a waɗannan lokuta. Ko da ta dusashe haka, kada a ƙura mata ido, domin tana iya yi wa gani lahani.

Yana da kyau mu iya bambance hazo da hayaƙi, tunda lokacinsu ɗaya ne. Hazon hunturu ƙura ce, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodélé na ƙasar Chadi take tasowa. Ƙwayoyinta sun fi na hayaƙi girma, don haka takan mayar da sama fari-fari, rana ta zama kamar farin faranti, kuma ba ta da ƙauri. Hayaƙi kuwa yakan yi ruwan toka ko ruwan ƙasa, yana da ƙauri, yana sa ido yaji, yana zubo da baƙin ɓurɓushi. Launinsa a inda yake tasowa ma yana da ma'ana. Fari yana nuna ciyawa mai sauran ɗanyanci. Idan ya yi duhu ya murtuke yana tashi da sauri, wutar ta yi ƙarfi. Baƙi ƙirin kuwa sau da yawa alama ce ta cewa ta kai ga roba ko taya ko mai, wato ta shiga inda mutane suke. Idan kuma aka ga shirwa sun taru suna shawagi a wuri ɗaya, bakin wutar yana nan, suna cafke fara da ƙwarin da take korowa.

Da dare iska mai sanyi takan sauko ta kwanta a kwari, ta danne hayaƙi kusa da ƙasa. Wannan ne ya sa a garuruwan bakin Oti ƙaurin ya fi tsanani da asuba, sai rana ta ɗaga ya washe.

Hayaƙi yana tafiya mai nisa. A 2023 gobara ta ci fiye da hekta miliyan 15 a Kanada, fiye da ninki biyu na faɗin Togo gaba ɗaya, kuma a watan Yuni na shekarar hayaƙinta ya mayar da samaniyar birnin New York na Amurka ruwan lemo. Don haka jan saman da aka gani a Dapaong ba lalle ne wutar tana bayan gari ba, tana iya kasancewa a Benin ko Burkina Faso ko Ghana.

Abin da hayaƙi yake yi wa jiki

Mafi haɗari a cikin hayaƙi su ne ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda likitoci ke kira PM2.5. Sun fi silin gashin kai siranta kusan sau 30. Hanci ba ya iya tace su, sukan wuce can cikin huhu, wasu har su shiga jini. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata matsakaicin yawansu a yini ya wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska ba. Kusa da babbar gobara yakan ninka haka sau da yawa.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne jarirai da ƙananan yara, da tsofaffi, da mata masu juna biyu, da masu asma ko ciwon zuciya. A ranar da hayaƙi ya yi kauri a rage musu fita, a rufe tagar da ke fuskantar iska, a yawaita shan ruwa, mai asma kuma ya ajiye maganin shaƙarsa kusa. Dattijo mai ciwon ƙirji da zai fita sallar asuba ya rufe hancinsa, idan numfashi yana yi masa wuya addini bai ɗora masa abin da ba zai iya ba. Rawani da mayafi da takunkumin yadi suna tare toka da ƙura mai kauri, amma waɗancan ƙananan ƙwayoyi sai takunkumi irin N95 ko FFP2 wanda ya zauna daidai a fuska. Kada kuma a ce an gudu daga hayaƙin waje a kulle ɗaki da kaskon gawayi saboda sanyi, domin gawayi yana fitar da iska mai guba marar wari wadda take kashe mutum cikin barci.

Duk wanda numfashinsa ya riƙa sarƙewa, ko ƙirjinsa ya riƙe, ko yaron da aka ga haƙarƙarinsa yana shiga ciki idan ya ja numfashi, a kai shi asibiti ba tare da jira ba. Kuma a tuna yankinmu yana cikin zirin da sanƙarau ke ɓulla da rani, don haka zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ba abin da za a ce hayaƙi ne a zauna a gida ba ne.

Kafin ta zo, da kuma idan ta matso

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Aikin kare gari tun a kaka ake yinsa. A share ziri mai faɗin taku goma zuwa ashirin, a kankare shi har ƙasa, kewaye da gidaje da rumbuna da masussuka da gonakin itatuwa. A Jamhuriyar Nijar irin waɗannan zirare ake buɗewa duk shekara a yankunan makiyaya don kare ciyawa. Kada a bar damin dawa da tulin auduga su daɗe a gona. Harawa da kara da zana a jingine su nesa da murhu da ɗakin kwana. Wanda zai ƙona gonarsa cikin wa'adin da aka yarda ya sanar da maƙwabta da mai gari, ya zaɓi sanyin safiya ko yamma da iska ta kwanta, ya tara mutane, kuma kada ya bar wurin sai ya tabbatar babu kututturen da ke ci.

Idan wuta ta taso, a fara da rai. A fitar da yara da tsofaffi, a kwance dabbobin da ke turke. A sanar da mai gari da hukuma, lambar 'yan kwana-kwana a Togo ita ce 118, amma a ƙauye mai nisa jama'ar gari ne za su fara tarar ta. Ba a tsayawa a gaban wutar da iska ke korowa. Daga gefe da baya ake bugunta da ɗanyen ganye da ƙasa da jiƙaƙƙen buhu. Wanda ta rutsa da shi kada ya yi tsere da ita cikin doguwar ciyawa, kada kuma ya hau tudu, domin wutar ciyawa cikin iska tana iya fin mutum gudu. Ya nufi fili marar ciyawa, ko hanya, ko bakin ruwa, ko inda ta riga ta cinye ta wuce. Kayan roba irin na leda suna narkewa su manne a fata, na auduga sun fi aminci. Direba da ɗan babur kuma kada su kutsa cikin hayaƙin da ya rufe hanya ba su ga abin da ke gaba ba.

Hoto amana ne

Mu dawo kan waya. Da farko a sani ba duk abin da ido ya gani take nunawa ba. An tsara kyamarar waya ta riƙa gyara launi da kanta. A ranar 9 ga Satumba 2020, da hayaƙi ya mayar da samaniyar San Francisco ruwan lemo, mutane da yawa sun tarar wayoyinsu suna wanke launin suna mayar da shi ruwan toka. Akasin haka ma yana faruwa, mutum ya ƙara wa hoto kala har ƙaramar wutar bayan gari ta zama kamar duniya ce take ci. Wanda yake son hotonsa ya zama shaida ya bar shi yadda yake, ya rubuta wuri da rana da lokaci, ya faɗi inda iska ta nufa.

Wannan yana da nauyi na musamman a Kpendjal. A watan Mayu na 2022 an kai hari a Kpékpakandi, aka kashe sojoji takwas, kuma a watan Yuni na shekarar aka sanya yankin Savanes cikin dokar ta-ɓaci ta tsaro. Iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu. A irin wannan hali, hoton hayaƙi da aka tura ba bayani yana iya sa wanda ke Lomé ko Kumasi ko Kano ya ɗauka an ƙone garinsu, kasuwa ta watse, uwa ta kwana tana kuka. Alƙur'ani a cikin Suratul Hujurat ya umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Manya ma sun faɗa wannan rami. A 2019, lokacin gobarar dajin Amazon, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya wallafa wani hoto, daga baya aka gano wanda ya ɗauke shi ya rasu tun 2003. Hukumar NASA ta Amurka tana da taswira kyauta a intanet mai suna FIRMS, wadda take nuna wuraren da tauraron ɗan'adam ya hango wuta cikin awoyin da suka gabata. Ɗalibanmu masu iya duba ta za su iya kwantar wa mutane hankali da ita.

Sannan kada neman hoto ya kai mutum kusa da wuta, domin iska tana juyawa ba sallama. Kada a ɗauki wuraren jami'an tsaro ko motocinsu. Kada a ɗauki fuskar wanda rumbunsa ya ƙone yana hawaye, ko matar da ta fito a gigice ba mayafi, a yaɗa ba da izininsu ba. Idan kuma ana neman hannu a wajen kashewa, mai lafiya ya sa wayar a aljihu ya ɗauki ganye. Hoton da ya fi amfani shi ne wanda zai nuna wa mai gari inda wuta ta faro, ko ya nuna girman asara don a tallafa wa wanda abin ya shafa.

Alhakin wanda ya kunna

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka gaya wa Manzon Allah (SAW) sai ya bayyana wuta a matsayin maƙiyiya, ya yi umarni a riƙa kashe ta idan za a kwanta. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa ya ga gidan tururuwa da aka ƙona, ya yi inkarin hakan. Idan gidan tururuwa ɗaya ya jawo magana, to ina ga daji guda da tsuntsayensa da zumansa da ƙananan dabbobinsa, saboda gafiya biyu?

Malaman fiƙihu ba su bar mas'alar a wa'azi kawai ba. A mazhabar Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu, Mukhtasar na Shehu Khalil ya ambaci wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi cikin waɗanda lamuni yake hawa kansu. Ma'ana, wanda ya yi sakaci wutarsa ta tsallaka ta ci dukiyar wani, biya ya kama shi, ko da a cikin gonarsa ya kunna, ko da bai yi nufin ɓarna ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Cewa ƙaddara ce ba ta sauke haƙƙin mutane. Wanda ya san wutarsa ce ta ci hatsin maƙwabcinsa, ko da babu wanda ya gan shi, ya je ya nemi sulhu ya biya abin da zai iya tun yana da rai. Iyaye kuma su san inda 'ya'yansu suke zuwa da ashana da karnuka.

Muna kira ga limamai su keɓe huɗuba guda a farkon kaka a kan wannan batu, ga masu gari su tsayar da ranar gayya ta sharar kewaye, ga ƙungiyoyin matasa da 'yan agaji kuma su zama idon gari a watannin Janairu zuwa Maris. Wanda gobara ta shafa a cikinmu, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, maƙwabci ne, a kai masa ɗauki da mudu da dami.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu daga gobara, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Amin.